Daga Tukunyar Al-Kindi zuwa Kasuwar Maigatari

A watan Maris na 1851 Heinrich Barth ya yada zango a Gumel kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da garin babbar matattara ce ta fataken kanwa. Kafin nan, a Kano, ya lissafa man wardi da lubban da jawi da kanumfari cikin hajar da ayari ke ƙetarowa da ita ta Sahara. Tun a wancan zamani ƙasar Hausa na sayen ƙamshin da aka tace a wata ƙasa.

Ilimin tacewar kuwa tsoho ne. A ƙarni na 9, a Bagadaza, Al-Kindi ya rubuta littafi kan haɗa turare mai ɗauke da hanyoyi fiye da 100. Dabarar ba ta sauya sosai ba har yau. Ana cusa fure a tukunya, a tura tururi ya ratsa shi ya kwashi mansa, sannan tururin ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Da yake man bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso sama a yaɗe shi.

Babu tsiron da ya ci moriyar wannan dabara kamar lafanda, wadda Larabawa ke kira huzama. Manoman Provence a kudancin Faransa sun mayar da ita sana'a, garin Grasse ya zama cibiyar turare, daga baya Bulgeriya ta sha gabansu a yawan mai. Akan tace fure kimanin kilo 100 kafin a sami kilo ɗaya, shi ya sa yake da tsada.

Sunanta a fagen magani ya ƙaru bayan 1910, lokacin da masanin kimiyya René-Maurice Gattefossé ya ƙone a ɗakin gwaji, ya yi jinyar mikinsa da man. A 1937 ya wallafa Aromathérapie. Manyan sinadaran man biyu ne, linalool da linalyl acetate, kuma a Jamus an amince da kafso mai miligiram 80 don rage fargaba marar tsanani. Iyakarsa ke nan: ba ya maye gurbin asibiti, kuma tsantsarsa na iya fusata fata.

Arewa ma tana da nata tsirran ƙamshi: jema da kajiji da dashi da hano. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a 1916, hano kuma na ɗauke da sunan kimiyya Boswellia dalzielii don karrama shi. Masu haɗa turaren wuta da humra sun san sirrin waɗannan saiwoyi da ƙaro tun kaka da kakanni, sai dai ta hanyar turarawa da jiƙawa, ba tacewa ba.

Kowace Alhamis, buhunan zoɓo da riɗi na barin kasuwar Maigatari ɗanyu, kamar yadda kanwa ke barin Gumel a zamanin Barth. Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar na karɓar kuɗin buhu, ribar kwalba kuwa na hannun mai tukunyar tacewa. Provence ba ta fi Jigawa rana ba. Abin da ta riga ta samu shi ne tukunya kusa da gona.