Neman aure da ciwon sikizofireniya: abin da likitoci, doka da fiƙihu suka tanada

A ƙauyuka irin su Jajaye da ke ƙaramar hukumar Rogo, da sauran garuruwan ƙasar Karaye, ba a sa ranar aure sai dangi sun yi bincike. Cikin abubuwan da akan tambaya har da ko akwai taɓin hankali a gidan, kuma sau da yawa kalma ɗaya daga bakin maƙwabci ta isa ta raba saurayi da budurwa.

Mene ne ciwon?

Sikizofireniya ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke gurɓata yadda mutum yake fahimtar zahiri. Mai ciwon yakan ji muryoyin da babu su, ko ya haƙiƙance ana farautarsa, ko zancensa ya rikice, ko ya janye jiki daga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ne ke ɗauke da shi, wato ɗaya cikin 300. Yakan ɓulla daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, daidai lokacin zance da baiko. A cewar hukumar, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon alamominsu kan gushe gaba ɗaya.

Zama da mai ciwon

Ginshiƙin zaman shi ne magani. Ƙwayoyi irin su haloperidol, risperidone da olanzapine, ko allurar da ake yi bayan 'yan makonni, suna kwantar da alamomin. Suna kuma da illoli da suka shafi aure kai tsaye: ƙiba, yawan barci, sanƙarewar jiki, raguwar sha'awa da rikicewar al'ada. Waɗannan kan sa wasu su daina sha a ɓoye, musamman dab da biki, kuma daina magani na cikin manyan dalilan dawowar ciwon. Wiwi da rashin barci da yawan tsangwama a gida suna ƙara tayar da shi.

Idan murya ko zargi ya taso wa mai ciwon, gardama ba ta kawar da shi. Abin da ake so shi ne a kwantar masa da hankali, a kai shi ga likita da wuri. Yawancin masu ciwon ba su da haɗari ga kowa. Su ne ma aka fi zalunta.

Game da gado, idan ɗaya daga cikin iyaye na da ciwon, yiwuwar ɗa ya same shi ta kai kusan ɗaya cikin goma, wato mafi yawan 'ya'yan ba sa kamuwa. Mace mai ciwon tana buƙatar shawarar likita kafin ta ɗauki ciki, domin bayan haihuwa lokaci ne da ciwon kan motsa.

Faɗa ko ɓoyewa?

Dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Mayun 2024 ta ambaci ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin ƙwayar jini, ba ta ambaci ciwon ƙwaƙwalwa ba. Sai dai fiƙihun Malikiyya ya daɗe da magana a kai. Hauka na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye, amma wanda ya sani kafin ɗaurin aure kuma ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Idan ana sa ran warkewa, akan jinkirta shekara guda don magani. Ko mai shan magani da ke cikin hayyacinsa ya shiga wannan hukunci, alƙali ne zai duba tare da bayanin likita. Abin da ke fili shi ne, ɓoyewa kan mayar da rashin lafiya ya zama shari'a.

Ina za a nemi taimako?

Iyalai da dama kan fara da ruƙiya ko mai maganin gargajiya, bisa zaton iska ko sammu. Addu'a ba ta hana asibiti, amma jinkiri yana ƙara wahalar magani. Ɗaure mara lafiya da mari kuwa cin zarafi ne, kamar yadda samamen gidajen mari a Kaduna da Daura da Kano ya fallasa a 2019. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa masu ciwon haƙƙin mutunci da sirri.

Ga mutumin Rogo ko Karaye, ƙwararrun suna asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko Barnawa a Kaduna. Kuɗin mota da na magani nauyi ne na wata-wata, wanda ya kamata waliyyai su tattauna tun kafin a yi maganar lefe.