Asalin Kalmar Alkaki

Duk wanda ya halarci kai gara a Dutsin-Ma ko Kurfi, ya ga fanteka shaƙe da alkaki yana ƙyallin zuma, da wuya ya zaci sunan nan baƙo ne, alhali kuwa asalinsa Larabci ne, wato al-ka'ak, wanda har yau mutanen Masar ke gasawa domin ƙaramar salla. Harshenmu ya riƙe alif da lam na ta'arifi, kamar yadda ya yi wa albasa da alkama, ya zubar da harafin ainun saboda nauyinsa a maƙogwaro. Namu kuwa ba gasawa ake yi ba: ɓarzajjiyar alkama ake kwaɓawa ta kwana ta yi tsami, a murɗa, a soya, a tsoma cikin zuma ko sukarin da aka dafa da tsamiya.