ARME DA KALMOMINSA: ABIN DA KAKANNI SUNKA BAR MUNA

A wanga fitowa muna so mu duba kalmomin da muke faɗi kullum bisa zancen aure, don sun daɗe cikin bakin mutane, kuma suna riƙe da labari.

Mu fara da sunan kansa. Mutanen Kano suna cewa aure, mu nan wajen Maraɗi da Tawa arme muke cewa, wasu kuma amre. Yaranmu da sunka zauna Kano sukan komo gida suna yi ma tsofaffi dariya, wai bakin ƙauye ne. To, su sani amre shi ne tsohon, daga gare shi aure da arme sunka fito. Shaida tana cikin amarya da amarci, waɗanda har a Kano ba su yar da harafin m ba.

Aure dai ɗaure shi ake yi, shina da igiya, igiya kuma uku ce. In an rabu a ce an saki. Wa ke ɗaurawa? Ba ango ba ne, ba amarya ba. Waliyyi ne da wakili, gaban malamai da shaidu, a raba goro. Sau da yawa ma ango shina ɓoye gidan abokinsa. Gida biyu ake ɗaurewa, shi ya sa in mace ta yi yaji dattawa ke zuwa biko.

Sadaki kalmar Larabci ce, Musulunci ya kawo ta. Kafin nan, wurin Azna, saurayi da ƙarfinsa yake neman mata: ya tara abokai su yi ma suruki gayya, damina bayan damina. Alƙur'ani, cikin Suratun Nisa'i, ya ba mace sadakinta, ba ubanta ba. Malamanmu na Malikiyya sun ce mafi ƙanƙantarsa rubu'in dinari ne, kuma ba su sa mashi iyaka ta sama ba. Amma kowa ya sani ba sadaki ke karya mutum ba. Abin da ke kewaye da shi ne: toshi, gaisuwar uwa da uba, kuɗin baiko, lefe. Waɗannan al'ada ce, ba su cikin sharuɗɗan aure.

Nan ne maza ke mantuwa da rabin lissafi. Gidan amarya su ma suna kawo nasu. Uwa tun ɗiyarta na ƙarama take tara kayan ɗaki, da kuɗin furarta da ƙuli-ƙulinta da adashinta. Da ƙorai ne da tabarmi da gadon kara, daga baya kwanoni da tasoshi da gadon ƙarfe sunka shigo. Bayan an kai amarya sai gara ta biyo: hatsi, shinkafa, mai, gishiri. Wani lokaci in an auna, abin da ya fito gidan mace ya zarce wanda ya shiga. Wanda duk ya ce ya sayi matarsa, a tambaye shi nawa ya biya gadon da yake kwana bisa.

Nasara ba su gane wanga ba. Sun tara komi ƙarƙashin kalma guda ta Faransanci, dot, suna ganin ciniki ne. A 1939 dokar Mandel ta ce ba a armar da yarinya ƙasa ga shekara 14 ko yaro ƙasa ga 16, kuma sai da yardarsu. A 1951 dokar Jacquinot ta nemi a sa ma kuɗin iyaka. Cikin ƙauyuka ba su yi wani tasiri ba, don arme gaban liman ake ɗaura shi, ba gaban kumandan ba. Abin da ya sake lamarin kuɗi ne. Wuri ya tafi, dala da jikka sunka zo, gujiya ta yi daraja, saurayi ya samu nasa ba tare da ya jira gandun uba ba. Sai gasa ta shigo. Bayan farin 1973 da 1974 gona ta daina isa, cin rani ya koma hanyar tara kuɗin arme. Da anka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, atamfa da kwanon waje sunka yi tsada, lefe ya ƙara nauyi.

Akwai kalma guda da ba mu son faɗi, wahayya, wadda anka fi sani wajen Ƙonni da Madawa. Ita sayenta ake yi, ba ta da sadaki, ba ta da igiya, ba ta cikin huɗu. Lura fa, ko masu yi ba su ce anka ɗaura mata aure. Dokar Nijar ta 2003 ta mai da bauta laifi, kuma a 2008 kotun CEDEAO, da ta zauna Yamai, ta ba Hadijatu Mani gaskiya bisa irin wagga shari'a.

Sauran kalmomi kun san su: uwargida, kishiya (daga kishi, ba sai an fassara ba), idda, bazawara, auren zumunta, auren sadaka da ake ba malami ko talaka don Allah.

Abin da ba shi da suna shi ne wanda ya fi yawa gare mu yanzu. Saurayi shina Abijan ko Legas ko Libiya, ya aiko kuɗi, wakili ya karɓa mashi arme, a kai amarya ɗaki, uwar miji ce abokiyar zamanta. Shekara biyu, shekara uku, sai murya cikin salula. Ita ba bazawara ba ce, don igiya tana nan. Ba ta yi yaji ba, don ba wanda ta baro. Amma malamai sun ce ci da sha da tufa da makwanci haƙƙinta ne bisa miji, kuma in sun yanke tana da ikon kai ƙara gaban alƙali ya duba igiyar. Da yawa cikin ɗiyanmu ba su san da haka ba, waɗanda sunka sani kuma kunyar surukai ke hana su tashi.