Lambar Matuƙin Jirgi da Wanda Ba Ya Wurin Zaman Ciniki

Duk shekara, a makon farko na komawa lakwal, nakan tambayi yaran ajina abin da kowa yake son ya zama. Likita da soja ba su taɓa rasa masu so ba, amma kullum sai an samu biyu ko uku sun ce matuƙin jirgin sama. Bara wani uba ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Mushe, yaron nan ya ishe mu da zancen jirgi. Wai gaskiya ne albashin matuƙi ya fi na minista?" Na yi dariya, na ce ya ba ni lokaci in bincika. Binciken ya kai ni tarihin matuƙan Amurka, inda sandikarsu ta kusa cika shekara ɗari. Na shiga ina neman labarin kuɗi, sai na tarar da labarin wata lamba, wadda ita ce ke raba kuɗin da hutun da ma aikin kansa.

Ranar da kamfani ya ɗauki matuƙi a Amurka, yakan ba shi lamba a jerin matuƙansa, ƙasa da duk wanda ya riga shi shiga. Wannan lamba ce ke faɗin irin jirgin da zai tuƙa, da garin da zai zauna, da ranar da zai tashi daga kujerar mataimaki ta dama ya koma ta kyaftin a hagu. Kowane wata kamfani yakan fito da tsarin tafiye-tafiye, matuƙa su zaɓa bi da bi. Na sama ya ɗauki tafiyar da ta yi masa da ranakun hutun da yake so, na ƙasa ya kwashi saura, ko a sa shi zaman jiran kira, wayarsa a hannu dare da rana. Ana lissafin albashi da awa, daga lokacin da jirgi ya bar wurin tsayuwarsa zuwa lokacin da ya tsaya a inda ya nufa, kuma kuɗin awa yana ƙaruwa da girman jirgi da yawan shekarun aiki. In kasuwa ta faɗi aka zo rage ma'aikata, daga ƙasan jerin ake farawa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne lambar ba ta bin mai ita. Kyaftin mai shekara 25 a aiki, in kamfaninsa ya rushe ya koma wani, a ƙarshen layi zai tsaya, bayan yaron da ya shiga jiya.

Don a gane dalilin da ya sa mutane suka yarda da irin wannan ɗauri, sai an koma farkon aikin. A watan Mayu na 1918 aka soma jigilar wasiƙu da jirgi tsakanin Washinton da Niyok. Jiragen na katako ne da ƙyalle, matuƙi yana bin layin dogo da koguna da idonsa don ya gane hanya. Sama da matuƙa talatin suka mutu a wannan aiki kafin 1927. A watan Yuli na 1919, wata safiya da hazo ya rufe filin jirgi a Niyok, matuƙi Leon Smith ya ce ba zai tashi ba. Aka umarci wani, Hamilton Lee, shi ma ya ƙi. Shugabansu a ma'aikatar gidan waya, Otto Praeger, wanda ke zaune a ofis a Washinton, ya sa aka kore su duka biyu. Sauran matuƙa suka ajiye aiki na ƴan kwanaki. Da aka sasanta, aka yarda cewa in matuƙi da shugaban fili sun yi saɓani a kan yanayi, shugaban zai shiga jirgin su zagaya tare ya gani da idonsa. An mayar da Lee bakin aikinsa, Smith kuwa ba a mayar da shi ba.

Daga baya jigilar ta koma hannun kamfanoni, amma matsalar ba ta sauya ba. Wanda ya ce sama ba ta tasuwa yau, gobe ana iya ba wani jirginsa. A ranar 27 ga Yuli 1931, matuƙa 24 suka haɗu a wani otal a Shikago, ƙarƙashin jagorancin David Behncke, suka kafa ƙungiyar ALPA. Tsoron kora ya sa a lokacin shirye-shirye suke kiran juna da sunayen ɓoye. A 1934 hukumar ƙwadago ta ƙasa ta yanke hukuncin da ake kira mai lamba 83: kada matuƙi ya wuce awa 85 yana tuƙi a wata, kuma a biya shi bisa shekarunsa a aiki da awoyinsa da saurin jirginsa. Wannan ya sa duk lokacin da aka ƙera jirgi mai sauri, albashi ya hau tare da shi. A 1936 aka sa kamfanonin jirage ƙarƙashin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926, kuma a 1939 ALPA ta sa hannu a yarjejeniyarta ta farko, da kamfanin American Airlines.

Amfanin jerin daɗewa ke nan. Idan ranar shiga aiki ce ke ba da girma, shugaba ba shi da abin da zai riƙe ya tsoratar da matuƙi. Ba zai hana shi kujerar kyaftin don ya ƙi tashi cikin hadari ba, ba zai kuma ɗauko ɗan ɗakinsa ya ɗora a kan kowa ba. Fasinjan da ke baya bai san da jerin ba, amma ransa na cikin abin da jerin ke karewa.

Dokar nan ta 1926 tana da nata hali. Yarjejeniya ba ta mutuwa in wa'adinta ya cika, sai dai a buɗe ta don gyara, a ci gaba da aiki da tsohuwar har a gama ciniki, ko da zai ɗauki shekaru. Ba a shiga yajin aiki sai hukumar sulhu ta ƙasa ta ce zama ya ci tura, sannan a jira kwana 30, kuma shugaban ƙasa yana iya sa baki. A watan Fabrairu na 1997 matuƙan American sun shiga yaji, Bill Clinton ya tsayar da shi cikin ƴan mintoci.

Har zuwa 1978 gwamnati ce ke tsayar da kuɗin tikiti da hanyar da kowane kamfani zai bi, saboda haka ƙarin albashi a kan fasinja yake sauka. A wannan shekara Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta saki kasuwa. Sabbin kamfanoni masu arha suka shigo, tsofaffi suka fara neman inda za su rage. A watan Satumba na 1983 Frank Lorenzo ya kai kamfanin Continental kotu a matsayin wanda ya karye, ya soke yarjejeniyoyin ma'aikata, ya zabge wajen rabin albashin matuƙa. A ƙarshen wannan shekara American ta zo da wata dabara mai laushi. Ta ce wa matuƙanta ba za a taɓa kuɗin kowa ba, amma duk wanda za a ɗauka daga yau, a wani ma'auni na biyu za a biya shi, kusan rabin na farko. Sandikarsu ta amince. Masu jefa ƙuri'a duk suna cikin jerin. Waɗanda za su ɗauki asarar ba a ma ɗauke su aiki ba tukuna, babu mai magana da yawunsu a wurin zaman. Sai aka wayi gari mutum biyu suna aiki iri ɗaya a jirgi iri ɗaya, ɗaya yana karɓar rabin abin da ɗayan ke karɓa.

A 1985 kamfanin United ya nemi irin wannan. Matuƙansa suka ƙi, suka yi yajin aiki na kwana 29 a kan albashin mutanen da ba su taɓa gani ba. Kamfanin ya riga ya horar da sabbin matuƙa wajen 570 don su maye gurbin masu yaji, amma kusan dukansu suka ƙi shiga jirgi. Ba a kashe ma'auni na biyu a wannan karo ba, an dai taƙaita shi ga shekarun farko na aiki. A hankali manyan kamfanoni suka bar shi, sai ya sake fitowa ta wata ƙofa: suka riƙa ba ƙananan kamfanoni kwangilar gajerun tafiye-tafiye. Fentin jirgi da sunan da ke kan tikiti na babban kamfani ne, matuƙan kuwa na wani jeri ne daban mai ƙaramin albashi. A daidai wannan zamani Eastern da Pan Am suka rushe a 1991, matuƙansu da yawa suka koma farawa daga ƙasa a wasu wurare.

Daren 12 ga Fabrairu 2009, jirgin ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin nan, Colgan Air, wanda ke ɗauke da sunan Continental, ya faɗi a kan wani gida kusa da garin Bafalo. Mutum 49 na cikin jirgi da ɗaya a cikin gidan suka mutu. Masu bincike sun ce gudun jirgin ya ragu ƙwarai, sandar tuƙi ta yi karkarwar gargaɗi, kyaftin ya ja ta baya a inda ya kamata ya tura ta gaba. Sun kuma ce da alama gajiya ta taɓa matuƙan biyu, ko da yake ba su iya auna yawan tasirinta ba. Abin da ya girgiza jama'a shi ne abin da ya fito a zaman sauraro. Mataimakiyar matuƙin, ƴar shekara 24, albashinta na shekara wajen dala 16,000 ne, dalar Amurka ba tamu ta kasuwa ba, wato kusan miliyan 8 na sefa. A nan kuɗi ne mai yawa, a can kuwa ba ya riƙe mutum a kewayen Niyok. Tana zaune kusa da Siyatil wajen danginta, kusan kilomita 4,000 daga wurin aikinta, kuma a cikin jiragen kaya ta kwana tana tahowa kafin ranar. Cikin wannan wata kyaftin Sullenberger, wanda ya saukar da jirgi a kan kogin Hudson ya tsirar da mutum 155, ya faɗa wa majalisa cewa an rage kashi 40 cikin ɗari na albashinsa, an kuma soke fanshonsa.

Iyalan waɗanda suka mutu a Bafalo ne suka ɗauki maganar. Suka yi ta zirga-zirga zuwa Washinton, ofis bayan ofis, har aka sa hannu a sabuwar doka a watan Agusta na 2010. Daga 2013 mataimakin matuƙi sai ya tara awa 1,500 na tuƙi kafin a ɗauke shi, a maimakon 250 na da, ban da ƴan sassauci ga sojoji da masu wasu takardun jami'a. Daga 2014 dole a ba matuƙi hutun awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 a ciki. Gaskiya ne matuƙan jirgin da ya faɗi duka sun wuce awa 1,500, kuma har yau ana gardama a kan wannan ƙa'ida. Amma ta sa matuƙa sun yi ƙaranci, ƙananan kamfanoni suka ɗaga albashi ala tilas. A 2023 matuƙan Delta suka samu ƙarin kashi 34 cikin ɗari a kan shekara huɗu, United da American suka biyo baya.

Ban karanta wannan tarihi ba tare da tuna ɗakin malamai ba. Mu ma muna da lambarmu, matirikil, da masu ita da masu jiranta. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasarmu ta fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawan masu riƙe da alli a firamare. Da su aka buɗe azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin lakwal ba, kuma na san da yawa a cikinsu da suka fi ni iya koyarwa. Amma ma'auni biyu ne a aiki ɗaya, kuma galibi na ƙasan ne ake turawa nesa. Aji ba ya faɗowa daga sama a ji ƙara. Sai bayan shekara shida ake gani, ranar da yaro ya kai ajin ƙarshe bai iya karanta wasiƙa ba.

Ga ƴan'uwana masu matirikil, duk ranar da aka kawo mana tayin da bai taɓa aljihunmu ba, mu tambaya aljihun wa ya taɓa. Matuƙan American sun yarda a 1983, na United sun ƙi a 1985, kuma duka biyu sandika ce ta yanke. Ga iyaye kuwa, ku duba cewa dokar 2010 matsin iyalai ne ya fitar da ita cikin wata 18. Idan kun zauna taron ƙungiyar iyayen yara, bayan maganar tabarmi da rufin aji, ku tambaya ko malamin ɗanku ya samu kuɗinsa a kan lokaci, da nisan da yake tahowa kowace safiya, da kwana nawa ajin ya yi babu kowa a gaban allo.

Uban nan na ba shi amsa da muka sake haɗuwa. Na ce masa kyaftin na babban jirgi a Amurka yana samun abin da ministanmu ba ya mafarkinsa, amma sai bayan shekaru masu yawa a ƙasan layi. Na ce ya bar yaro da burinsa, ya dai matsa masa a kan lissafi da Ingilishi, tunda da Ingilishi matuƙan duniya ke magana da hasumiyar filin jirgi. Ya ce to, amma wa zai koya masa Ingilishin in ya je kwaleji? Na ce masa wannan tambayar ce nake so ya kai taron iyaye.