Wayar Salula da Cutar Daji: Me Bincike Ya Gano?

Tambaya ce da ake yawan yi mana a asibiti: da gaske ne wayar salula tana jawo cutar dajin ƙwaƙwalwa? Galibi mai tambayar ya ji kunnensa ya ɗauki zafi bayan doguwar hira, ko kuma an kafa ƙarfen sabis kusa da gidansa. Amsar a taƙaice ita ce, binciken da aka shafe kusan shekara talatin ana yi bai tabbatar da hakan ba. Amma zancen yana da tushe, kuma ya kamata ku san inda ya samo asali.

Irin abin da waya ke fitarwa

Wayarku tana sadarwa da ƙarfen sabis ta igiyoyin rediyo, dangin waɗanda tashoshin rediyo da talabijin ke amfani da su. Sun bambanta da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Shi wannan hasken yana da ƙarfin da zai iya lalata ƙwayoyin gado da ke cikin jiki, shi ya sa ba ma yawaita shi ga majiyyaci. Igiyoyin rediyo ba su da wannan ƙarfin. Abin da aka tabbatar suna yi shi ne ɗumama naman jiki kaɗan. Zafin da kuke ji a kunne kuwa, yawancinsa daga batir ne da kuma yadda wayar ke tare iska a fatar.

Daga ina fargabar ta fito?

A 2010 aka fitar da sakamakon binciken Interphone, wanda aka gudanar a ƙasashe 13. An tambayi masu ƙari a ƙwaƙwalwa da masu lafiya yawan wayar da suka yi a baya. A jimlace ba a ga ƙarin haɗari ba. Sai dai a cikin kashi goma bisa ɗari da suka fi kowa yawan waya, waɗanda suka kai awa 1,640 ko fiye, an ga alamar ƙaruwar wani nau'in ƙari. Masu binciken da kansu sun ja kunne kan wannan adadi. Wanda aka gaya masa yana da ƙari a kai zai yi ta neman dalili, yana iya tuna ya yi waya fiye da yadda ya yi. Wasu ma sun faɗi awoyin da hankali ba zai ɗauka ba.

Bisa wannan da makamantansa, a watan Mayun 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya igiyoyin a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya jawo cutar. A nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. Rukunin yana auna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba, kuma ma'anarsa hujjar tana da rauni amma ba a rufe ƙofa ba. Taba sigari tana rukuni na 1, inda babu sauran shakka.

Sai gwajin ɓeraye da gwamnatin Amurka ta kammala a 2018. An haska wa ɓerayen igiyoyin a duk jikinsu, awa tara kullum, har shekara biyu, da ƙarfin da ya wuce abin da mai waya ke samu. Wasu daga cikin mazan sun samu ƙari a zuciya, matan kuwa ba a ga hujja bayyananniya a kansu ba. Abin mamaki, mazan da aka haska wa sun fi waɗanda ba a taɓa ba tsawon rai. Sakamako irin wannan ba a gina hukunci a kansa.

Binciken da ya fi nauyi

A ganina, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta bin mutane tun suna lafiya, domin ba ta dogara da tunanin majiyyaci. A Denmak an bi sama da mutum 350,000 masu layin waya, ba a ga ƙari ya yawaita a cikinsu ba. A Birtaniya an bi mata kimanin 776,000 na shekara 14, sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna masu waya ba su fi marasa ita kamuwa ba. Binciken MOBI-Kids, kan matasa 'yan shekara 10 zuwa 24 a ƙasashe 14, shi ma bai ga alaƙa ba. A 2024 wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi ya tattara bincike 63, ya ce babu alaƙa tsakanin waya da dajin ƙwaƙwalwa, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. Ƙari ga haka, a ƙasashen da ke adana alƙaluman cutar daji da kyau, waya ta shiga kowane hannu amma yawan dajin ƙwaƙwalwa bai tashi tare da ita ba.

Game da ƙarfen sabis, abin da ke isowa gare ku daga gare shi ya yi ƙasa sosai da na wayar da ke manne da kunnenku, domin ƙarfin igiyar yana raguwa da sauri da nisa. Hasali ma inda sabis ya yi rauni, nan ne waya ke ƙara ƙarfinta don ta kamo shi.

Abin da za ku iya yi

Idan kuna son rage abin da ke shiga jikinku, ba sai kun kashe kuɗi ba. Ku sa wayar a sifika ko ku yi amfani da iyafis, ku taƙaita hira inda sabis ke ɗaukewa. 'Yan sitikar da ake sayarwa da sunan kariya, babu hujjar suna da amfani.

Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, shi lamarinsa daban ne. Ya bar tazarar santimita 15 tsakanin wayar da na'urar, kada ya sa ta a aljihun gaba, kuma ya amsa kira da kunnen ɗaya ɓangaren. Haka nan waya a kan tuƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kusan sau huɗu, kuma iyafis bai rage wannan da yawa ba.

Ciwon kai kuma, kada ku ɗora wa waya laifi ku zauna a gida. Idan yana ƙaruwa mako bayan mako, ko yana tashe ku daga barci tare da amai, ko ya zo da farfaɗiya, raunin gefe ɗaya na jiki, dishi-dishin gani, ko ji ya ragu a kunne ɗaya, ku je a duba ku ba tare da jinkiri ba.