Tarihin Taba a Fagge da Sabon Gari, da Nasiha ga Wanda Ya Ajiye Kara Ya Ɗauki Batta

 

Ka sani, ya ɗan'uwa, ko kai gardi ne a tsangaya ko mai rumfa a Kantin Kwari, abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana biyu ce da na sha ji a bakin mashaya sigari idan tari ya tsananta gare su. Ɗaya yakan ce: "Na bar kara na koma garin taba, ai shi ba shi da hayaƙi, kuma kakanninmu sun tsufa da shi." Ɗayan kuwa, idan likita ya ambata masa cingam ko filastar nikotin, sai ya ce: "Wannan ai taba ce ta sake riga." Na farko ya amince da abin da ya kamata ya tsorata, na biyu ya tsorata da abin da zai taimake shi, kuma tarihi zai nuna maka haka.

Fasali a kan zuwan taba

Taba ba tsiron ƙasarmu ba ce. Asalinta nahiyar Amurka, jiragen ruwan Turawa suka yaɗa ta, wajen shekara ta 1600 ta riga ta iso Magrib da ƙasashen baƙar fata. Tun zuwanta malaman Malikiyya suka saɓa. Shehu Ahmadu Baba na Tumbuktu ya rubuta halaccinta a 1607, watau 1016 ta Hijira. A Masar, Shehu Ibrahimu Laƙƙani ya hana ta, Shehu Aliyu Ajhuri ya halatta. Daga baya Shehu Ahmadu Tijjani ya hana ta ga mabiya ɗariƙarsa. Hujjar masu halattawa ita ce ba ta gusar da hankali kamar giya. Kada ka zarge su, domin sun yi hukunci da ilmin zamaninsu, kuma abin da take yi wa huhu bai bayyana ba sai bayan ƙarni uku.

A ƙasar Hausa taba ta zauna ta zama 'yar gida, tabar Katsina ta yi suna har cikin Azbin. Baturen nan Clapperton, da ya zo Kano a 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya tarar ana tauna garin taba haɗe da kanwa, maza na shan lofe, ana kuma rina haƙora da furenta. Fagge a lokacin zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Azbinawa da fatake ke sauke kaya. Ka ga ashe batta ta girmi kara nesa ba kusa ba.

Fasali a kan zuwan sigari

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 zamanin Sarki Abbas, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa na Kudu da na ƙetare. Kantunan Turawa da na Kwara suka cika da hajar waje, sigari na cikinta. Sa'an nan aka fara naɗa shi a cikin ƙasa: an buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, aka buɗe ta Zariya a 1959. Mai tebur ya riƙa fasa kwali yana sayarwa kara-kara, har ɗan dako da yaron mota suka iya saye. Na yi wayo na ga samari a ƙofar silima suna ɗaukar kara alamar wayewa, suna yi wa dattijo mai batta dariya, suna cewa tabar ƙauye. 'Yan Kudu kuma sun zo da tasu tabar shaƙa, wadda Ibo ke kira utaba. Yau jikokin masu dariyar nan su ne ke neman mafaka a wurin batta.

Dalilin juyawar shi ne ilmin da ya bayyana. A 1950 wasu masana biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu, a 1964 hukumar lafiya ta Amurka ta tabbatar da haka. Nijeriya ta yi dokar soja ta hana sha a wuraren jama'a a 1990, ta yi wata a 2015 wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Da cutar ta tabbata, malamai masu yawa suka karkata ga hani, domin jiki amana ne.

Fasali a kan batta

Ka lura da kyau, a cikin taba akwai abu biyu: abin da ke ɗaure mutum da abin da ke kashe shi. Mai ɗaurewa shi ne nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwar mai zuƙa cikin daƙiƙu kaɗan. Masu kashewa kuwa su ne kwalta da iskar guba da ke fita daga ƙuna, da wasu dafi da ke cikin ganyen kansa. Gaskiya ne mai batta ya huta da hayaƙi, amma dafin ganye yana nan, yana kwana tsakanin leɓe da dasashi. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa tabar taunawa da ta shaƙa cikin abubuwan da ke jawo kansar baki da ta maƙoshi da ta saifar ciki mai sarrafa sukari. Kanwar da ake haɗawa kuma ba don ɗanɗano kaɗai ba ce: ita ke buɗe wa nikotin hanya ya ratsa fatar baki da sauri, ɗaurin ya ƙara ƙarfi. Ga wata musiba: ana iya ƙunsa ta a rumfa da mota da zaure ba mai gani, sai wanda dā yake jin kunyar malaminsa ya wuni da ita a baki. Na san ɗan kasuwar da ya kama batta don ya bar kara, shekara ta zagayo yana riƙe da duka biyun.

Fasali a kan magani

Asalin cingam na nikotin ƙasar Suwidin ne. Wani likita ya lura ma'aikatan jirgin yaƙi mai nutso, da aka hana su kunna wuta a ƙarƙashin teku, suna komawa ga tabar leɓe. Sai wani masanin haɗa magani, Ove Fernö, ya ware nikotin kaɗai ya sa a cikin cingam, aka fara sayar da shi a 1978. Filasta ta biyo baya, a 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin magunguna na tilas. Babu ganye a cikinsu, babu ƙuna. Suna shiga jini a hankali, su kwantar da ƙishirwar taba da ƙuncin rai, ana rage ƙarfinsu mataki-mataki cikin mako 8 zuwa 12 har a yaye mutum. Bincike ya nuna suna ƙara samun nasarar bari da kamar rabi. Aibinsu a wurinmu shi ne tsada da ƙaranci, amma kai ɗan kasuwa ne: lissafa kuɗin wata uku, ka gwada da kuɗin kwali na shekara goma. Mai ciwon zuciya da mace mai ciki su fara tambayar likita.

To ga ma'auni, ya ɗan'uwa: duk abin da aka miƙo maka a madadin sigari, tambayi ranar rabuwarku. Batta ba ta da ranar sallama, magani yana da ita. Kuma ka tuna giya ma daki-daki aka hana ta, don haka babu kunya ga mai fita da tsani. Kai da kake kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana kwana 29 ko 30, ka riga ka ga iyawarka. Ka yanke rana, ka gaya wa abokin rumfarka ya zama shaida, kada ka bar kara ko batta a aljihu. In ka zame, ka tashi ka sake, da yawa ba su dace ba sai bayan gwaji da dama.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar jikinmu, Ya yaye wa wanda aka jarraba. Wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya amfana ya sa mu a addu'a.