Mahaƙan El Paso: Tarihin Wasanni a Wata Jami'ar Bakin Iyaka

Duk mai bibiyar labarin 'yan tseren Nijeriya da suka yi suna a duniya zai lura cewa akwai wani gari da sunansa ke yawan fitowa a tarihin rayuwarsu, wato El Paso. Olapade Adeniken ya zauna can, Blessing Okagbare ta zauna can, haka ma Tobi Amusan. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin ƙungiyoyin wasanni na jami'ar da ke wannan gari, Jami'ar Teksas ta El Paso, wadda aka fi sani da UTEP, domin mu ga yadda makarantar da ba ta da dukiya ko tsohon suna ta tara kofunan ƙasa har 21 a gasannin hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA. Abin da muka fahimta shi ne, ɗaukakar wannan jami'a ta samu ne daga karɓar mutanen da manyan jami'o'i suka raina ko suka ƙi, amma ba kullum ta riƙe su da amana ba.

El Paso gari ne da ke can ƙuryar yammacin jihar Teksas, cikin hamada da duwatsu, kogin Riyo Grande ne kawai ya raba shi da birnin Juarez na ƙasar Meziko. A shekarar 1914 aka buɗe makarantar domin koyar da haƙar ma'adinai, kuma daga nan 'yan wasanta suka samo laƙabinsu na Mahaƙa. A 1949 ta koma Kwalejin Yammacin Teksas, sannan a 1967 ta sami sunan da take amsawa. Wani abin sha'awa shi ne gine-ginenta, waɗanda aka yi su bisa fasalin gidajen ibada na ƙasar Butan, saboda matar shugaban makarantar na farko ta ga hotunan ƙasar a wata mujalla, ta ce duwatsun can sun yi kama da na El Paso.

A wancan zamani dokar wariyar launin fata tana aiki a kudancin Amurka, baƙar fata ba ya shiga makarantar Turawa. Wata yarinya mai suna Thelma White ce ta kai ƙara kotu bayan an hana ta gurbi, kuma a 1955 kwalejin ta buɗe ƙofarta ga ɗalibai baƙar fata, tun kafin sauran manyan makarantun gwamnatin jihar su yi haka ga masu neman digirin farko. Shekara guda bayan nan Charlie Brown ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwando. Nisan garin daga cibiyoyin kudu ya taimaka ƙwarai, domin da yawa daga mazaunansa 'yan asalin Meziko ne, kuma idon masu tsattsauran ra'ayi bai cika kaiwa can ba.

Daren 19 ga Maris 1966

A 1961 aka ɗauko Don Haskins ya zama mai horar da 'yan ƙwallon kwando. Mutumin Oklahoma ne, wanda kafin nan yake koyar da yara maza da mata wasa a makarantun sakandare na ƙananan garuruwan Teksas. Tun da ba shi da kuɗin da zai yi gogayya da manyan jami'o'i wajen neman fitattun 'yan wasa farar fata, sai ya juya ga unguwannin baƙar fata na manyan birane. Daga yankin Ditiroit ya samo Bobby Joe Hill, daga Gary ta jihar Indiyana ya samo Orsten Artis da Harry Flournoy, daga Niyok ya samo Willie Worsley da Willie Cager da Nevil Shed, David Lattin kuwa daga Hustan ya zo. Haskins mutum ne mai tsanani, abin da ya fi damunsa shi ne tsaron gida da bin tsari, ba burge 'yan kallo ba.

Wannan batu na bin tsari yana da muhimmanci, domin abin da masana wasan na lokacin suke yaɗawa shi ne wai baƙar fata yana da ƙarfi da tsalle, amma ba shi da natsuwar da zai jagoranci wasa, don haka dole a sa masa Bature ko da ɗaya ne a fili. Ko Jami'ar Loyola ta Shikago, wadda ta ci kofin 1963, da baƙar fata huɗu ta fara wasan ƙarshe, ba biyar ba.

A kakar 1965 zuwa 1966 Mahaƙa suka ci wasa 28, sau ɗaya tak aka doke su, a hannun Jami'ar Siyatil. Hanyarsu ta zuwa wasan ƙarshe ba ta zo da sauƙi ba. Da ƙyar suka tsallake Jami'ar Kansas da ci 81 da 80 bayan ƙarin lokaci har sau biyu, kuma da alƙalin wasa bai ce ƙafar Jo Jo White na Kansas ta taka layi ba sa'ad da ya jefa wata ƙwallo a ƙarshen ƙarin lokacin farko, da labarin ya ƙare a nan. A wasan ƙarshe, a filin Jami'ar Merilan, suka gamu da Jami'ar Kentaki, wadda mai horar da ita Adolph Rupp ya riga ya ci wannan kofi sau huɗu, kuma bai taɓa sa baƙar fata a ƙungiyarsa ba. Haskins ya fito da Hill da Artis da Worsley da Flournoy da Lattin, dukkansu baƙar fata, canjin da ya yi kuma Cager da Shed ne kaɗai. Tun da farko Lattin ya tashi sama ya cusa ƙwallo cikin raga a kan 'yan Kentaki, sannan Hill ya fizge ƙwallo sau biyu a jere daga hannun abokan karawa, ya ruga ya zuba. Aka tashi 72 da 65, Hill yana da maki 20.

Haskins ya sha faɗa har ƙarshen rayuwarsa cewa shi ba gwagwarmayar neman 'yanci ya fita yi ba, waɗanda suka fi iya wasa kawai ya zaɓa. Mun yarda da shi, kuma a ganinmu wannan ne ma ya sa darasin ya shiga, domin jami'o'in kudu ba wa'azi ne ya sauya su ba, tsoron shan kaye ne. Cikin 'yan shekaru suka shiga neman 'yan wasa baƙar fata, Kentaki kanta ta ɗauki Tom Payne a 1969. Haskins ya sha wasiƙun zagi da barazana bayan wannan nasara, amma ya ci gaba da aikinsa har 1999, ya yi ritaya da nasara 719. Ta hannunsa Nate Archibald da Tim Hardaway suka bi kafin su shahara. An yi fim a kan wannan ƙungiya a 2006, kuma sai a 2021, lokacin da Jami'ar Baylor ta yi nasara, wata makarantar Teksas ta sake ɗaukar wannan kofi na maza.

Abin da ya sami Bob Beamon

Masu ba da tarihin jami'ar sukan yi tsalle daga 1966 zuwa kofunan guje-guje, su bar shekarar 1968 a baya. Mu kuwa muna ganin ba a fahimtar sauran labarin sai da ita. A watan Afrilu na shekarar, kwanaki kaɗan bayan kisan Martin Luther King, aka shirya 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na UTEP za su kara da Jami'ar Brigham Young, mallakar cocin Momon, wanda a lokacin ya haramta wa baƙar fata muƙamin limanci, haramcin da bai janye ba sai 1978. Wasu 'yan wasa baƙar fata suka ce ba za su je ba. Jami'ar da ake yabo shekara biyu da suka wuce a kan ta karya shingen wariya, ita ce ta kore su daga ƙungiya, ta kuma yanke musu tallafin karatu. A cikin shekarar mujallar Sports Illustrated ta buga jerin rahotanni a kan halin da 'yan wasa baƙar fata ke ciki, inda ta kafa misali da El Paso a kan yadda ake amfani da ƙarfinsu a fili, a bar su cikin kaɗaici a wajen fili.

Cikin waɗanda aka kora akwai Bob Beamon. Wata shida bayan haka, ranar 18 ga Oktoba 1968, a gasar Olamfik ta birnin Meziko, ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ya ƙara santimita 55 a kan bajintar duniya ta lokacin. Ba wanda ya wuce wannan tsalle sai Mike Powell a 1991. Mafi girman abin da wani ɗalibin El Paso ya taɓa yi a fagen wasa, ya yi shi ne bayan jami'ar ta sallame shi.

Zamanin 'yan Afirka

Kofin farko na gudun ratsa daji ya zo a 1969. Amma sai da Ted Banks ya karɓi horarwa a farkon shekarun 1970 abin ya bunƙasa. Dabararsa irin ta Haskins ce, sai dai shi ƙetare ya nufa, musamman Kenya da Tanzaniya, inda ya tarar da matasa masu gudun dogon zango waɗanda ke neman hanyar karatu. Kafin ya bar aiki a 1981 ya tara kofunan ƙasa 17, a gudun ratsa daji da gasar rufaffen zaure da ta buɗaɗɗen fili.

Tauraron wannan zamani shi ne Suleiman Nyambui na Tanzaniya, wanda shi kaɗai ya zo na ɗaya sau 15 a gasannin NCAA, ya lashe gudun mita 10,000 shekara huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982, kuma yana ɗalibi ya ci lambar azurfa a mita 5,000 a Olamfik ta Mosko a 1980, bayan Miruts Yifter na Habasha. Tare da shi akwai ɗan ƙasarsu Gidamis Shahanga, da Michael Musyoki na Kenya wanda ya ci tagulla a Olamfik ta 1984. Domin a gane irin fintinkau da suka yi, sai mu dubi gudun ratsa daji na 1981. A wannan gasa akan haɗa matsayin mutum biyar na farko na kowace ƙungiya ne, mai ƙarancin maki shi ya ci, don haka ba a iya yin ƙasa da 15. UTEP ta tashi da 17.

Sauran masu horarwa suka yi ca, suna cewa an kwaso manyan mutane daga Afirka ana kara su da yara 'yan shekara 18. Akwai gaskiya a ƙorafin, domin Nyambui ya haura shekara 25 lokacin da ya fara cin kofuna, akwai kuma hassada. Hukumar NCAA ta kafa dokar shekaru wadda ta rage wa irin waɗannan ɗalibai damar yin gasa. Bayan tafiyar Banks kuma aka kama sashen da karya dokokin hukumar, aka soke nasarar da ya samu a gudun ratsa daji na 1983. Kofunan 1982 su ne na ƙarshe da ƙungiyar ta riƙe. Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka kuwa, wadda ita ce ke kawo wa manyan jami'o'i kuɗi, ba ta taɓa zama abin alfaharin El Paso ba, har akwai kakar 2017 da ƙungiyar ta buga wasa 12 ba ta ci ko ɗaya ba.

'Yan Nijeriya a El Paso

A shekarar da Mahaƙa suka doke Kentaki, wato 1966, aka yi gasar jami'o'in Nijeriya ta farko, NUGA, a Ibadan. Ke nan ba a makare muka fara ba. Duk da haka, idan muka dubi mutum huɗun da suka ciyo wa Nijeriya azurfa a gudun miƙa sanda na mita 400 a Olamfik ta Basilona a 1992, za mu tarar kowannensu wata jami'ar Amurka ce ta goge shi. Chidi Imoh ya fito daga Misuri, Davidson Ezinwa daga Azusa Pacific, Oluyemi Kayode daga Brigham Young ɗin nan da su Beamon suka ƙaurace wa, Olapade Adeniken kuma daga El Paso, inda a wannan shekara ya lashe mita 100 da mita 200 a gasar NCAA. Abin da suka samu a can ba boyayye ba ne: filin gudu mai kyau, mai horarwa na dindindin, abinci da magani, gasa kusan kowane mako, da karatu kyauta muddin ƙafa tana aiki. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda iyaye da malamai ba su cika tambaya a kansa ba.

Blessing Okagbare, 'yar Sapele, tana ɗalibar UTEP ta ci lambar dogon tsalle a Olamfik ta Bejin a 2008, tagulla ce da farko, daga baya aka mayar da ita azurfa bayan an kama wata 'yar Rasha da shan haramtattun ƙwayoyi. A 2010 ta lashe mita 100 da dogon tsalle a gasar NCAA, a 2014 kuma ta ci zinariya biyu a wasannin Kwamanwel na Gilasgo. Ƙarshen labarinta bai yi daɗi ba, domin shekaru da yawa bayan ta gama jami'a, an dakatar da ita ana tsakiyar Olamfik ta Tokiyo a 2021 saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, aka kuma yanke mata haramcin shekara 10 a 2022, wanda aka ƙara ya zama 11.

Tobi Amusan ta bar Ijebu Ode zuwa El Paso a 2016, ta lashe gudun tsallake shinge na mita 100 a gasar NCAA ta 2017, shekarar da abokin karatunta Emmanuel Korir na Kenya ya lashe mita 800, shi da ya zo ya ci zinariya a Tokiyo. Ranar 24 ga Yuli 2022, a gasar duniya da aka yi a garin Yujin na jihar Oregon, Amusan ta yi daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, ta kafa sabuwar bajintar duniya, sannan cikin sa'o'i biyu ta koma ta ɗauki zinariya, wadda ita ce ta farko da Nijeriya ta samu a wannan gasa tun da aka fara ta a 1983.